Hular Marigayi a Tukunyar Rini

Puerto Almendro, Yuli 1984

Nereida,

Kada ki karanta wannan wasiƙa a tsaye, kuma kada ki buɗe ta a gaban matan da kuke ɗinki tare. Ki nemi wuri ki zauna. Akwai faɗa a cikinta, kuma ba zan rage kalma ɗaya ba don kin girma ko don kina New York.

Yanzu gaisuwa. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Muna lafiya, sai gwiwata ta hagu da take tuna mini da kanta duk sa'ad da hadari ya haɗu. Gwaggonki Fefa tana nan, bakinta lafiya lau. Ina cikin baƙaƙen kayana, ƙofar gaba a rufe, rediyo a kashe, kamar yadda ya dace da gidan da bai shekara da rasa maigida ba.

Na san maganar kwalekwale. Aminiyata Komadre Tatica ce ta faɗa mini tana kuka, domin ɗanta Wilfrido ma yana ciki. Ta ce ƙaninki Eligio ya gana da mutumin da yake ƙetarar da mutane zuwa Puerto Rico, kuma ke kika ce masa in ya taka can za ki san yadda zai ƙaraso wurinki. Kin taɓa ganin kwalekwalen nan da idonki? Katako ne da kwalta da inji guda. Ke a jirgin sama kika tafi, takardarki a hannu, ina ɗaga miki hannu. Shi kuwa kifaye kike so su yi masa rakiya.

Ban ce ba ya cikin damuwa ba. Tun da Amurkawa suka sallamo shi daga ƙungiyarsu ta ƙwallon sanda saboda ciwon kafaɗarsa, ba ya tashi sai rana ta take, daga nan sai kantin Don Mélido, wasan domino da giyar rake. Yaron da gari duka yake fita kallon yadda yake jifan ƙwallo. Amma maganin zaman banza aiki ne, ba teku ba.

Ga abin da ake ciki. Hukumar gasar ƙwallon sanda ta ƙasa za ta ƙara ƙungiya ɗaya, kuma garinmu yana cikin masu nema. An kafa kwamiti, Dokta Anselmo mai kantin magani ne shugaba. Sun raɗa wa ƙungiyar suna Balbelu, launinta kore irin na rake. Na je na same shi na ce, in aka samu, akwai aiki ga Eligio? Ya ce a kan tudun da mai jifan ƙwallo yake tsayawa aka raini yaron, ai ba za a rasa ba.

Na dawo na zaunar da ƙaninki. Na ce ya rantse ba zai taka bakin ruwa ba sai hukuma ta ba da amsa, in kuwa aka ba mu ƙungiya, ya zauna ke nan. Sai ya yi dariya.

"Mama, ke da ba ki san bambancin mai jifa da mai bugu ba?"

Na ce, "Na san bambancin ɗa mai rai da wanda teku ta ci. Rantse."

Ya rantse, don yana ganin ba za mu samu ba. Za mu samu. Na shiga kwamiti, ni ce shugabar mata, ni da na shekara talatin ina faɗa da babanku a kan kallon ƙwallo ranar Lahadi. Ke kuma ki janye hannunki daga wannan magana.

Mahaifiyarki,
Eduviges Peguero

*

New York, Agusta 1984

Mama,

Ki sa mini albarka. Ina lafiya, aiki da godiya. Na ba matar Don Mélido man zafi ta kawo miki, ki riƙa shafawa a gwiwar, kada ki ajiye shi a kan durowa ya zama ado kamar na bara.

Na zauna na karanta, kamar yadda kika ce. Ba ni na kai Eligio wurin mai kwalekwale ba. Shi ya kira ni a wayar kanti yana cewa ya gaji da zama abin tausayi, wai maza suna saya masa giya don su ji labarin yadda ya kusa zama wani. Me kike so in ce masa? Na ce in ya iso ba zai kwana a titi ba. Yayarsa ce ni.

Kuma Mama, gasar nan wata uku ake yi a shekara. Sauran watannin fa, ƙwallon zai dafa ya ci? Na karanta wa Ramona da muke ɗaki ɗaya inda kika ce kin zama shugabar mata, ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta. Garin da rabinsa magoya bayan ƙungiyar 'yan rawaya ne, rabinsa na 'yan shuɗi, tun kakanni. Baba sai da ya yi wata bai yi wa surukinsa magana ba saboda wasa ɗaya. Su za ki mayar kore?

Abu ɗaya nake roƙo. Hular Baba ta rawaya, wadda take rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ban samu zuwa jana'iza ba, ban ga fuskarsa ba. Ki aiko mini ita in matar Don Mélido za ta dawo. Ba na son komai sai ita.

'Yarki,
Nereida

*

Puerto Almendro, Oktoba 1984

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Man ya iso, ina shafawa, gwiwar ta ɗan saki. Ki ce wa Ramona ta gama dariyarta ta rubuta wa uwarta, matar tana tambayar duk wanda ya sauko daga jirgi.

Na jinkirta amsa don ina so in ba ki labari mai daɗi. Ban samu ba, ga wanda na samu.

Hukuma ta turo 'yan rawaya da 'yan shuɗi su yi wasan gwaji a filinmu, da jami'ai uku su ga ko gari zai riƙe ƙungiya. Mun yi shiri. Mun nome ciyawa, mun shafa wa bakin titi koren fenti tun daga gada, matan kasuwa sun ɗinka tutoci. Fili ya cika maƙil, har kan itatuwan mangwaro akwai mutane, ko'ina kore. Na ga babban jami'in yana gyaɗa kai.

Sai wani ɗan rawaya ya maka wa ƙwallo sanda ta tsallake katanga. Nereida, ban taɓa ganin abin kunya irin wannan ba. Rabin fili ya miƙe, huluna masu rawaya suka fito daga aljihu, daga ƙarƙashin riga, daga jakunkunan mata. Ɗaya rabin suka zaro shuɗi. Ashe kowa ya zo da hular ubansa a ɓoye. Dokta Anselmo, shugaban kwamiti guda, yana tsalle da rawaya a ka. Fada Hilario yana kaɗa shuɗi yana ihu kamar ba shi yake yi mana wa'azin haƙuri ba. Tutocin da muka ɗinka aka mayar sanduna, ɓawon lemo yana shawagi. Ni kaina hannuna ya soma tashi da ƙwallon nan ta tafi, don na ji kamar babanku ne zai yi ihu a gefena. Na mayar da shi cinya.

Da aka tashi na bi jami'an har mota. Babban ya ce, "Doña, garin nan yana da ƙungiya har biyu. Me zai yi da ta uku?"

Na tsaya a gaban motar. Direba ya danna oda, ban motsa ba, na san babu mai take matar mamaci cikin baƙin kaya a gaban jama'a. Na ce a ba mu wasa ɗaya kawai. Ya dube ni ya ce, "Ke ce matar Chencho? Wanda ya taɓa bin alƙalin wasa har tasha?" Na ce ni ce, kuma ya fi ni sauƙin kai. An ba mu wasa a Disamba.

A gida Eligio ya ce, "Mama, ki huta. Mutumin garin nan ya fi yarda ya sake addini da ya sake hula." Na ce ya ci abincinsa.

Hular babanki tana nan, ba ta je ko'ina ba. Za mu yi maganarta.

Mahaifiyarki

*

New York, Nuwamba 1984

Mama,

Gwaggo Fefa ta kira ni. Ta ce kin kafa tukunya a bakin titi, kin jefa hular Baba cikin ruwan rini, gari yana kallo.

Kin rubuta mini cewa tana nan, za mu yi maganarta. Na ɗauka ajiye mini kika yi. Har na buga ƙusa a bango.

Baba bai shekara ba. Ke kika koya mana cewa ko labule ba a sakewa a gidan mamaci sai an yi addu'ar cikar shekara. Abu ɗaya na roƙa.

Nereida

*

Puerto Almendro, Disamba 1984

Nereida,

Ba ki nemi albarka ba a wasiƙarki. Na lura. Allah ya yi miki albarka duk da haka, domin ba don ladabinki nake sa miki ba. Muna lafiya. Hannuwana ne suka yi kore har wuyan hannu, sabulu ya ƙi fitarwa.

Fefa ba ta yi ƙarya ba, amma rabi ta faɗa. Ga ɗaya rabin.

Bayan abin kunyar nan na gane fentin titi aikin banza ne muddin hulunan suna cikin gidaje. Na tuna kuma abin da duk macen da ta taɓa rina tsohuwar riga ta sani: rawaya in ta sha shuɗi kore take zama. Sai muka bi gida gida, ni da mata, muna roƙon huluna. Babu wanda ya bayar. A ba mu kofi, a tambayi gwiwata, a raka mu ƙofa. Don Ruperto mai aski ne ya fito da maganar fili.

"Doña Vige, da wannan hular za a binne ni. Da Chencho yana da rai, da tsintsiya zai kore ki. Kawo tasa tukuna mu gani."

Gaskiya ya faɗa. Ba a roƙon mutane abin da mutum bai iya bayarwa ba. Na dawo na tsaya a bayan ƙofa ina kallon hular nan, har yanzu da shatin guminsa a goshi, wasiƙarki kuma tana cikin aljihuna. Kada ki ɗauka na manta da roƙonki. Na auna ne. A gefe ɗaya ke da marigayi, a ɗaya gefen yaron da yake barci a ɗaki na kusa, wanda nake jin numfashinsa ta bango. Mamaci ba ya nutsewa, Nereida. Ke ma kina kan tudu.

Na fito da manyan tukwanen da muka dafa farfesun sankocho a addu'ar kwana tara ta babanki, na kafa su a titi, ɗaya shuɗi ɗaya rawaya. Fefa ta zo ba takalmi tana kururuwa, "Ɗan'uwana bai gama kwanciya ba kike dafa masa hula!" Na ce, "Fefa, in kin zo taimako ga muciya, in kin zo kuka ga kujera." Na saka hular a tukunyar shuɗi da hannuna.

Sai ga ƙaninki ya fito, ko riga babu. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya karɓi muciya, ya tsamo hular, ya matse, ya duba ta, ya kifa a kansa tana ɗiga har gira. Don Ruperto ya yi tsaki ya tafi, ya dawo da tasa da ta 'ya'yansa biyu. Kafin rana ta yi sanyi igiyoyin shanya sun cika daga ƙofarmu har kanti.

Na 'yan rawaya sun fito kore shar. Na 'yan shuɗi kuwa sun fito kamar ruwan kududdufi, Dokta Anselmo yana ta yi wa Fada tsiya wai ko a tukunya ƙungiyarsu ba ta iya wasa ba. Fada ya ce ai tasu ba ta saurin sallama kai kamar ta wasu.

An yi wasan ran Asabar. Eligio ne ya gyara tudun jifa, mako guda yana fita da sassafe da shebur. Duk wanda ya buga da kyau aka tafa masa, kowace riga ya sa, sannan fili ya ɗauka, "Balbelu! Balbelu!" An ga hannuwa suna zuwa aljihu don sabo, suna dawowa wayam. Babban jami'in ya cire wa Fada hula ya juya ta ya ga tsohon tambarin a ƙarƙashin rinin, ya mayar masa. Sun ce amsa sai an gama gasa.

Ba zan ba ki haƙuri a kan abin da zan sake yi in aka mayar da ni ranar ba. Amma na san na ɗauke miki abu, kuma na san ya yi zafi.

Mahaifiyarki

*

Puerto Almendro, Janairu 1985

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Kirsimeti ta wuce, an yi addu'ar cikar shekarar babanki, ban ji daga gare ki ba. Duk wanda ya zo hutu na tambaye shi, sai a ce ba a gan ki ba. In fushi ne, ki yi shi a rubuce. Shiru ga uwa ba tarbiyyata ba ce.

Kwalekwalen ya tashi. Wilfrido yana ciki. Eligio ba ya ciki, ya riƙe rantsuwarsa, amma ranar bai ci abinci ba, kuma ya ce in hukuma ta ce a'a zai bi na gaba. Har yanzu babu labarin waɗanda suka tafi. Kullum ina kai wa Komadre Tatica shinkafa da wake, in zauna har ta ci.

Mahaifiyarki

*

New York, Fabrairu 1985

Mama,

Ki sa mini albarka. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ya hana ni rubutu ba. Na kwanta asibiti da ciwon haƙarƙari tun kafin Kirsimeti. Na hana Ramona faɗa wa kowa. Na samu sauƙi, na koma aiki, sai ɗan tari.

Na sami wasiƙunki biyu tare. Ta farkon na jefar da ita ƙarƙashin gado. Ta biyun, da na zo kan sunan Wilfrido, sai na kasa ci gaba. Ni na riƙa goya shi muna yara.

Akwai abin da nake so ki karanta wa Eligio, da ƙarfi, kada ki tsallake. Ɗakin da na ce zai kwana, mu huɗu ne a ciki, gado biyu, masu aikin rana su tashi masu aikin yamma su kwanta. Bututun ɗumama ɗaki ya mutu tun farkon sanyi, mai gida ya ce sai bazara. Hoton nan da na aiko bara, wanda nake jingine da jar mota, motar likitan haƙori ce da ke ƙasan bene, na jira ya shiga ofis. Kowa haka yake yi. Sarƙoƙin zinariyar da samari suke zuwa muku da su hutu, yawancinsu haya ne, akwai shago a titinmu da ba ya sana'ar komai sai wannan. Eligio ya taɓa ce mini a waya, "Ke kin huta, har da mota." Na yi dariya na bar shi a haka.

Na cire ƙusar daga bango. Ki ce wa Eligio ya riƙa wanke hular da ruwan sanyi, rinin kanti yana zuba.

'Yarki,
Nereida

*

Puerto Almendro, Maris 1985

'Yata Nereida,

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki lafiya. Na aiko zuma da ganyen shayi ta hannun surukin Dokta. Ki sha safe da yamma. Ɓoye mini ciwo kuwa, wannan faɗan na ajiye shi sai kin zo, don ba ya yiwuwa a takarda.

An ba mu ƙungiya. Balbelu za su fara a Oktoba. Motoci sun yi ta oda, Fada ya sa an kaɗa ƙararrawa kamar Ista, Fefa ce a gaban masu rawa. Ni ban fita ba, ina gidan Komadre Tatica. Har yanzu babu labari. Ta ji ihun ta ce, "Komadre, kin ci." Na rasa inda zan sa fuskata.

Ba zan yi miki ado da magana ba. Masu ƙungiya za su zo da masu horarwarsu daga babban birni. Aikin da aka ba Eligio shi ne jefa wa 'yan wasa ƙwallo lokacin atisaye, da kula da tudun jifa. Ya dawo ransa a ɓace.

"Wannan aikin tsofaffi ne, Mama. Yaran da na girma za su riƙa ce mini miƙo ƙwallo."

Na ce, "Miƙa musu. Wanda yake miƙa ƙwallo yana dawowa gida cin abinci."

Sannan na karanta masa wasiƙarki a kan tebur, ban tsallake ba. Da na zo kan motar likita ya ɗago kai ya ce, "Jar nan?" Na ce ita. Ya tashi ya ciro hoton daga cikin jakar kayan wasansa. Ashe nan yake ajiye shi, ni ban sani ba. Ya daɗe yana kallo. Bai ce ya haƙura ba, ni ma ban nema ba. Ran Litinin dai ya fita da shebur. Sauran watannin da kika tambaya, ina magana da shugaban makarantar sakandare ya ba shi horar da ɗalibai. Mutumin yana ta kauce mini, bai san na san ƙofar bayan ofishinsa ba.

Yanzu ki ji dokar da na kafa, ki faɗa wa Ramona da 'ya'yan Fefa da duk ɗan dangin nan da ke can. Daga yau hoton mutum jingine da mota ba ya shigowa gidan nan, sai in da takardar motar a ɗaya hannun. Duk wasiƙar da ta zo daga waje za a karanta ta da ƙarfi a kan tebur, kuma sai ta faɗi inda mai ita yake kwana da abin da ya ci jiya, in ba haka ba a mayar masa. Wanda kuma ya zo hutu da sarƙar haya, ya cire ta a bakin ƙofa ya sa a aljihu kafin ya gaishe ni. In ya ƙi, ya ci shinkafarsa a titi.

Mahaifiyarki,
Eduviges Peguero